Gani Ya Kori Ji: Jawabi a Kan Wuraren Ziyarar Kaka



An nemi in yi magana a kan wuraren da muke yawan ambata idan kaka ta yi, lokacin da ake shirin fita da ɗalibai ziyarar buɗe ido ko kai iyali ganin gari, kuma an ce in faɗi gaskiyar abin da na gani. To, zan faɗa. Wasu wuraren sun kai yadda ake yabonsu, wasu kuwa sunansu ya fi su girma, wasu kuma suna nan a bakin ƙofarmu mun kau da kai daga gare su. Ma'aunina guda ne tun daga farko har ƙarshe: me yaro zai dawo da shi a kansa, kuma shin zai dawo wa uwarsa lafiya?

Ba a banza ake zaɓen kaka ba. Ruwa ya ɗauke, Gagare da Bunsuru sun ja baya, zafin bazara yana nesa, gero ya shiga rumbu, uba yana da ɗan abin da zai biya wa ɗansa kuɗin mota. A Amurka mutane sukan ɗauki motocinsu a irin wannan lokaci su tafi kallon ganyayen itatuwa suna sauya launi. Namu kallon ya fi wannan amfani a ciki, domin dammunan gero ne a jere a bakin hanya, da zangarniyar dawa ta sunkuya, da auduga fari fat. Amma kaka tana da aibinta. A farkonta ciyawa da karan dawa suna tsaye har yanzu, mai mugun nufi yana da maɓoya, damina kuma ta bar wa kwalta ramuka. A ƙarshenta hazo yakan sauko ya rufe dutsen da aka yi tafiya domin a gani.

Bari in fara da Sakkwato, domin ita ce ke fara zuwa bakin kowa. A ganina ta cancanci kuɗin mota. Daga Gusau tafiyar ta wuce kilomita 200, ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara da Tureta, kuma hanyar kanta darasi ce ga yaron da aka koya wa ƙananan hukumomi da hadda. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, wuri ne da babu ƙawa a cikinsa, kuma wannan rashin ƙawar shi ne abin da ya fi kama zuciyata. Sai dai malami ya sani cewa akwai cunkoso da masu neman sadaka a ƙofa, yara ƙanana sukan ruɗe. Inda ɗalibi zai fi ƙaruwa shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi da na sarauta. Wanda ya kai yara can ba tare da ya fara ba su labarin yadda Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, da yadda Turawa suka ci shi a filin Giginya a watan Maris na 1903 ba, takubba da takardu kawai za su gani, su fito suna tambayar inda ake sayar da ƙanƙara.

A kan wannan hanya akwai madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978. Cikin kaka tafkin yana cike, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba sai ya yi shiru yana kallo. Amma bayan rabin sa'a kallo ya ƙare, babu abin yi, sai idan malami ya zo da bayanin noman rani, da labarin manoman da aka tasa daga gonakinsu, da waɗanda suka rasa rayukansu a rikicin watan Afrilu na 1980 suna neman diyya. Ga manyan ɗalibai wannan darasi ne na zaman ƙasa wanda ba ya cikin littafinsu. Dutsen Kwatarkwashi kuwa, tsakanin Gusau da Tsafe, daga cikin mota ma yana da kwarjini, dattawan garin kuma suna da labarin tsohuwar al'adar kamun maiki. Shawarata a tsaya a gindinsa a yi gaisuwa a ji labari. Hawansa da yara arba'in da malami biyu ganganci ne.

Katsina ita ce ta fi dacewa da mu malamai, don kanmu ma kafin ɗalibai. Gidan tarihinta yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922 domin horar da malamai, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, ɗakunan ƙanana ne, amma mutum yakan fito yana ganin allin da ke hannunsa da wata daraja. Hasumiyar Gobarau ba ta kai tsawon da hoto ke nunawa ba, kimanin mita 15 ce. Abin mamakinta shi ne ƙasa ce aka kwaɓa, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye. Matakalarta matsattsiya ce, sai a riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya zarce zuwa Daura domin rijiyar Kusugu, ya shirya wa ɗan sanyin gwiwa daga yara. Sun ji labarin Bayajida da maciji da Daurama, sun zana wani abu mai ban tsoro a zukatansu, sai su tarar da rijiya a cikin ɗaki, an gyara bakinta. A nan malamin kirki yake samun damar koya musu bambancin labarin kaka da kakanni da tarihin da aka tabbatar, da kuma dalilin da ya sa kowannensu yake da amfani.

Akwai wurare biyu da nake so mu daina yaudarar kanmu a kansu. Na farko Yankari. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ruwan ɗumin Wikki garau yake, ɗuminsa kimanin digiri 31 dare da rana. Amma daga nan zuwa Bauchi tafiya ce ta yini guda cur ko fiye, ga kuɗin kwana da na abinci, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Bugu da ƙari, kaka ba lokacin ganin namun daji ba ne. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa yana ko'ina a dajin, giwaye ba su da dalilin fitowa bakin kogin Gaji. Sai rani ya yi nisa suke taruwa a can. Mai zuwa a watan Oktoba zai iya kashe albashin wata guda ya dawo da labarin gwaggon biri da gadu kaɗai. Na biyu Argungu. Bikin kamun kifin da ya yi mata suna a ƙarshen hunturu ake yinsa. Cikin kaka za ka tarar da Matan Fada shiru, sai gidan tarihi na Kanta, wanda yake da abin gani, amma shi kaɗai bai isa a ɗebi yara a ƙetara jihohi biyu ba.

Yanzu ga maganar da kowa a ɗakin nan ya riga ni sani. Duk wuraren da na lissafa, hanya ce ke kai mutum gare su, kuma hanyoyinmu ba su da lafiya. Daga Ƙaura zuwa Katsina ta Zurmi da Gurbin Ɓaure da Jibiya ita ce gajeriyar hanya, amma mutane da yawa sun gwammace su zaga ta Gusau da Funtuwa, su ninka nisa da kuɗi. Hanyar Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni haka take. Ba mu manta da 26 ga Fabrairu na 2021 ba, ranar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe, ba mu kuma manta da watan Satumba na wannan shekara ba, lokacin da aka rufe makarantu da kasuwannin mako aka katse layukan waya. Motar da ta cika da yara masu kaya iri ɗaya abin sha'awa ce a idonmu, a idon wasu kuwa dukiya ce take tafiya a kan taya. Saboda haka ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba: babu hasumiya, babu rijiya, babu tafkin da ya kai ran yaro guda. Shugaban makarantar da ya soke ziyara saboda labarin hanya ya yi daidai, kada wani ya kira shi matsoraci.

Amma zama wuri ɗaya shi ma yana da tsadarsa, kuma ita ce ta fi damuna. Yaron da ke aji shida a yau ya tashi ne a cikin wannan hali. Da yawansu ba su taɓa zuwa Gusau ba, ga ta nan kimanin kilomita 60. Sunayen garuruwan maƙwabta a labarin hari kawai suke jin su. Idan muka bar su haka, za su girma suna ganin ƙasarsu wurin gudu ce kawai, ba wurin da aka taɓa yin wani abin alfahari ba. Wannan hasara ce da ba a ganinta a takardar jarrabawa.

Shi ya sa nake kira mu waiwayi abin da ke kusa. A nan Ƙaura akwai tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso a 1929, wanda ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Jirgi ya daɗe da daina zuwa, amma dogon yana nan, kuma akwai tsofaffin da suka hau shi. Da ƙafa za a je. Garin kansa sunan Namoda yake ɗauke da shi, jarumin da ya yi fice a yaƙin da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a watan Oktoba na 1808. Yara nawa ne a ajinka suka san haka, malam? Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983, inda ɗan firamare zai ga ɗakin gwaji da injuna, ya san cewa karatu yana da gaba.

A ƙasar Zurmi akwai Dutsi, inda tarihi ya ce sarautar Zamfara ta fara zama. Zuwa can sai hali ya yi, amma fadar Sarkin Zamfaran Zurmi tana cikin gari, kuma akwai masu ba da tarihi. Tsohuwar hanyar fatake daga Katsina zuwa Sakkwato ta nan ta bi. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda aka yi wa laƙabi da Abdullahi, ya ratsa Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello. Bajamushe Barth, wato Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, kuma a wancan zamani ma sai ayari ya haɗu ake ƙetare dajin Gundumi saboda tsoron mahara. Yaro yana bukatar ya ji wannan, ya san cewa hanyar ta taɓa lalacewa kuma ta gyaru. A Shinkafi ga kasuwar Alhamis, wadda fatake daga Nijar da kudancin Najeriya suka daɗe suna ci, ga fadama da shinkafarta, ga ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Malamin lissafi da ya kai ajinsa layin masu hatsi, suka tambayi kuɗin tiya da na buhu suka rubuta, ya yi ziyarar da ta fi ta Yankari amfani.

Gaskiya ta sa in ƙara da cewa waɗannan wurare namu ba a gyara su domin baƙi ba. Ba za ka sami allon bayani ba, ba inuwar zama, ba mai jagora da aka ɗauka aiki. Wani wurin juji ya kusa cinye shi. Abin da zai mayar da su makaranta shi ne malamin da ya je tun kafin ranar, ya gaida mai gari, ya nemo dattijon da zai yi magana, ya shirya wa yara tambayoyi biyar da za su dawo da amsarsu.

Ga abin da nake roƙon reshe ya duba. Kowace makaranta ta yi ziyara guda a wannan zango a cikin garinta, da ƙafa, a dawo kafin azahar. Tafiya mai nisa a bar ta ga manya tukuna: malamai su yi adashi, kaɗan su je Katsina ko Sakkwato idan hanya ta yi sauƙi, su dawo da hotuna da bayani a rubuce a raba wa makarantu. In kuwa har za a fita da yara bayan gari, to, a sami izinin sakataren ilimi da yardar iyaye a rubuce, a tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro a safiyar ranar, a tashi bayan rana ta ɗaga a dawo kafin la'asar, yara su sa kayan gida, kuma kada a sanar da rana ko hanya a Facebook ko WhatsApp sai an dawo. A ƙarshe, iyayenmu da suka yi ritaya suna nan tare da mu, da yawansu sun kai ɗalibai Kano da Zariya a jirgi. Mu zauna da su mu rubuta abin da suka sani tun suna da ƙarfin faɗa.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aikinmu a wannan kaka shi ne mu riƙe karin maganar nan biyu tare, mu buɗe wa yaranmu ido gwargwadon inda ƙafa za ta kai lafiya, har ranar da za a sake cika mota a Ƙaura a bi ta Zurmi a yi azahar a Katsina ba tare da gaban kowa ya faɗi ba.

 Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.