Wayar Hannu, Jari ko Ado?



Jama'a, yawancinmu nema ne ya kawo mu Keffi. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Sakkwato ko Zariya. Manyanmu za su tuna lokacin da in mutum yana son aika saƙo gida sai ya yi sammako zuwa tasha ya ba direba wasiƙa, ya zauna jiran amsa mako guda ko biyu. Wayar NITEL kuwa sai a ofis da gidajen masu hali.

A shekarar 2001 aka sayar da lasisin wayar salula a ƙasar nan, kowane a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki cikin watan Agusta. Layi kaɗai ya kai Naira 20,000, kira kuma Naira 50 a minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce. Talaka sai ya je gindin lema ya biya a buga masa. Da Glo ya shigo a 2003 yana lissafin kira da daƙiƙa, sauran ma dole suka bi. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Wayoyin su ma sun sauya. Mun riƙe Nokia 3310, mun riƙe 'yar ƙarama mai tocila. Yanzu Tecno da Itel da Infinix sun cika hannun jama'a, kuma duk ukun kamfani ɗaya ne ke ƙera su, wato Transsion na ƙasar Sin. Sun lura da buƙatarmu ne, suka yi waya mai layi biyu da batir mai riƙe caji, saboda sun san halin sabis da halin wutarmu. To, wannan darasi ne ga kowane ɗan kasuwa: ka san abin da mai saye ke so.

Abin da ya dame mu shi ne yadda wasu matasanmu suka mai da waya ado. Yaro yana aikin acaba ko tura baro, ya ci bashi ya sayi iPhone don a gan shi da ita. Har an fara ƙirga ta cikin kayan lefe. Alhali wata baiwar Allah tana cikin ɗakinta, da waya mai sauƙin kuɗi take ɗora hoton atamfa da turaren wuta a WhatsApp da Facebook, ɗaliban jami'ar jiha da ke nan Keffi suna saye, ana aika wa masu saye har Mararaba da Abuja. Wayar wannan jari ce. Waccan kuwa bashi ce a aljihu.

Saboda haka muna ba da shawara guda huɗu. Na ɗaya, kada a sayi waya ta hannu ba rasit. A danna *#06#, lambar da ta fito a gwada ta da wadda ke jikin kwali. Araha ba ta ado, kuma wayar sata kan kai mai saye ofishin 'yan sanda. Na biyu, tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki ya koma tiransifa, masu alat na bogi suka samu ƙofa. Kada a saki kaya sai an duba asusu an ga kuɗi sun shiga. Na uku, kada a ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake kira. Banki ba ya tambayar ta. Haka kuma kada a ara wa kowa layi, domin tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, duk abin da aka aikata da shi kai za a nema. Na huɗu, mai talla ya ji tsoron Allah, kayan da ya nuna a hoto su ne zai aika. Mu baƙi ne a nan, in ɗayanmu ya yi ha'inci sunanmu duka ne ya ɓaci.

Muna roƙon shugabanni su sa matasanmu masu gyaran waya su riƙa koya wa dattawa da mata waɗannan abubuwa bayan kowane taro.

Allah Ya yi wa nemanmu albarka, Ya zaunar da Keffi lafiya.