HOTUNANMU A ZAMANIN INTANET: AMANAR TARIHIN GARI DA KE WUYANMU



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan hotuna da hanyoyin raba su ta intanet. Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar raya gari da zancen hoto, alhali ga matsalar ruwan sha da hanya da ajujuwa. Amsarmu ita ce, garin da ba shi da shaidar jiyansa zai sha wuya wajen auna ci gabansa na yau. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Mu da muka yi karatu a kwalejojin horon malamai mun san lokacin da hoto yake da tsada da daraja. Mai hoto kan zo ranar Salla ko ƙarshen shekarar karatu, a jera 'yan makaranta, a ɗauka sau ɗaya, a jira kwanaki kafin a wanko. Idan ya iso, sai a juya bayansa a rubuta suna da rana, a sa shi a ƙasan adaka. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar farko da ba ta buƙatar fim. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Bayan 'yan shekaru kyamara ta koma cikin waya, waya kuma ta shiga aljihun kowa. Yau yaro kan ɗauki hoto ɗari a biki guda. Abin lura shi ne hoton adaka ya yi shekara sittin yana nan, na waya kuwa kan tafi ranar da aka zare wayar a tasha ko ta faɗa ruwa.

Ya kamata mu rarrabe kayan aikin gida biyu. Akwai na nuni, wato WhatsApp da Facebook da Instagram. Akwai kuma na ajiya, irin su Google Photos da iCloud da Flickr. Na farkon tamkar dandali ne, na biyun tamkar rumbu. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a ɗauki dandali a matsayin rumbu. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyinsa, shi ya sa idan aka zo wanke shi babba sai fuskoki su dushe. Wanda yake son hoto ya isa da ingancinsa na asali, sai ya tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar da aka saba ba.

Rumbun intanet ma ba gadon gidanmu ba ne, aro ne, kuma mai shi yana sauya sharaɗi. Google Photos, wanda aka buɗe a 2015, ya daina ba da ajiya kyauta marar iyaka a watan Yuni na 2021. Abin da ya rage kyauta shi ne gigabait 15, wanda hotuna ke rabawa da wasiƙun Gmail. Tun Disamba 2023 kamfanin yana da ikon goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. A 2019 shafin MySpace ya sanar da cewa ya rasa waƙoƙi da hotunan da jama'a suka ɗora cikin fiye da shekara goma. Saboda haka duk hoton da yake da muhimmanci ya zauna a wuri uku: a waya ko kwamfuta, a faifan ajiya da ke gida, da kuma a intanet. Waɗanda suka fi daraja a wanke su a takarda. Magidanci kuma ya sanar da amintacce ɗaya daga iyalinsa yadda za a buɗe asusun, domin rai ba ya sallama.

To, me za mu yi wa gari da waɗannan kayan aiki? Na farko, mu ceto tsofaffin hotuna. A ɗakunan iyayenmu akwai hoton naɗin sarauta, da na ɗaliban farko na firamare, da na tsohuwar kasuwa kafin a tashe ta, da na alhazan da suka fara tafiya ta jirgin sama. Gara da danshin damina suna cin su kowace shekara. Duk wanda ya zo gida hutun Salla ya nemi izini, ya shimfiɗa hoton a inuwa mai haske, ya ɗauki gabansa da bayansa da waya, ya mayar wa mai shi nan take. Kada a tafi da asalin hoto birni da sunan za a dawo da shi.

Na biyu, kuma shi ne mafi gaggawa, a rubuta bayani. Hoton da ba a san su wane ne a ciki ba, ko ina ne, ko wace shekara ce, ya zama kurma. Masu iya cewa wannan wane ne ɗan wane su ne dattawan da muke rakawa makwanci ɗaya bayan ɗaya. A zauna da su, a tambaya, a rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, hoto ya zama shaidar aikin ƙungiya. Ɗan gari da ke Legas ko Fatakwal ko Abuja yana aiko da gudummawa, kuma yana da haƙƙin ganin inda ta shiga. Kowace rijiyar burtsatse ko rufin aji a ɗauke ta kafin aiki, ana cikin aiki, da bayan kammalawa, daga kusurwa ɗaya, tare da kwanan wata. Gani ya kori ji. Irin wannan shaida tana kashe zargi, tana kuma ƙara wa takardar koke nauyi idan aka kai ta ƙaramar hukuma.

Sai dai raba hoto yana da ladabi. Hoton da ya bar hannunka ba ya dawowa, ko ka goge naka. Kada a ɗora hoton matar wani ko 'yar wani ba da izini ba. Kada a yaɗa hoton majinyaci, ko gawa, ko wanda ya yi haɗari, har iyalinsa su fara ganin musibarsu a waya. Idan ƙungiya ta raba tallafi, a ɗauki buhunan hatsi, a bar fuskar marayu da zawarawa, domin taimako ba ya buƙatar tozarci. Takardun shaida da katin banki ba kayan nuni ba ne. Tun da na'ura ta iya ƙirƙiro hoton abin da bai faru ba, a bincika kafin a tura.

Daga ƙarshe, muna roƙon wannan taro ya kafa ƙaramin kwamiti mai dattijo masanin zuri'o'i, da mace mai iya shiga gidaje, da matashi masanin kwamfuta. Asusun ajiyar ya kasance da sunan ƙungiya, kalmar sirrinsa a hannun mutum fiye da ɗaya. Kowane reshe ya kawo aƙalla hotuna goma masu cikakken bayani kafin taron baɗi, a buga zaɓaɓɓu a wannan mujalla da kalandar shekara. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni su buɗe su ga fuskar kakanninsu, su san inda aka fito.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ɗaukaka garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.