Wa ke da Ikon Ba da Lamba, Akawu ko Na'ura?

Jawabin da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai a makon lacca



Da aka ce in tsaya gabanku yau, abokaina sun ba ni shawara in ɗauko wani babban al'amari, kamar tsadar rayuwa ko makomar ilmi. Na gode musu, amma na zaɓi abin da ido ke rainawa, watau 'yar lambar nan da ake rubutawa a saman katin asibiti ko a bangon fayil. Yawancinmu gobe a ofis za mu zauna, kuma littattafan rajista da iyayenmu akawuna suka riƙe da alƙalami, a cikin kwamfuta za mu tarar da su. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan an ɗora wa na'ura aikin ba da lamba, sa'an nan mutum ya zo da tasa lambar ya ce a karɓa, me ke faruwa?

Bari in fara da shimfiɗa kaɗan domin waɗanda ba fanninsu ba ne. A shekarar 1970 wani masani a kamfanin IBM na Amurka mai suna Edgar Codd ya fito da tsarin adana bayanai a jadawali daban-daban masu dangantaka da juna, kuma a kan wannan tsari aka gina yawancin rumbunan bayanai na bankuna da asibitoci da makarantu. Alal misali, jadawali ɗaya na ɗauke da sunayen marasa lafiya, kowa da layinsa. Wani jadawalin kuwa na ɗauke da sakamakon gwajin jini. Na biyun ba ya maimaita suna, lamba kawai yake riƙewa. Dalili a fili yake: masu suna Musa ɗan Ibrahim a cikin garin Rano kaɗai ba su ƙirguwa, amma lamba ɗaya mutum ɗaya take nufi. Saboda haka ake keɓe gurbi guda a jadawalin, wanda zan kira gurbin lambar shaida, a haɗa shi da wani ɗan maƙirgi a cikin na'urar. Duk sabon layin da ya shigo, maƙirgin ya ba shi lamba ta gaba.

To, ga mutum ya rubuta lamba da hannunsa a wannan gurbi. Rumbunan bayanai ba su yi ittifaƙi a kan amsa ba. SQL Server na kamfanin Microsoft ƙi yake yi, sai in an buɗe ƙofa da gangan da umarnin IDENTITY_INSERT, kuma jadawali ɗaya tak ake iya buɗe wa ƙofar a zama guda. MySQL karɓa yake yi ba gardama, in kuma lambar ta fi wadda maƙirginsa ya kai, sai ya yi tsalle ya ci gaba daga can. Ƙa'idar harshen SQL ta shekarar 2003 kuwa zaɓi biyu ta bayar, wanda Oracle ya ɗauka a 2013, PostgreSQL kuma a 2017. Zaɓi na farko shi ne ALWAYS, ma'ana na'ura ce kullum mai ba da lamba. Na biyu shi ne BY DEFAULT, ma'ana na'ura za ta bayar in ba a kawo ba, in an kawo ta karɓa. A nan tarkon yake, domin a wannan zaɓi na biyu PostgreSQL yana karɓar lambarka, amma maƙirginsa ba ya motsawa ko taki ɗaya. Bai ma san ka rubuta kome ba.

Ni kaina na faɗa wannan tarko, kuma gara in ba ku labarin da bakina. A hutun ƙarshen shekara na yi aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a ƙasar Rano, wanda ba zan ambaci sunansa ba. An sayo kwamfuta, aka ce mai karatun jami'a ya zo, sai ya kwashe tsohuwar rajista ya zuba a ciki. Katunan da ke hannun mutane sun haura dubu uku, kuma ba shi yiwuwa a ce kowa ya dawo da nasa a sake masa. Don haka na zaɓi BY DEFAULT, na shigar da kowa da tsohuwar lambarsa, na koma gida ina jin kaina gwani.

Ran Litinin da safe aka kawo wata matashiya mai juna biyu, sabuwar zuwa. Akawu ya rubuta sunanta ya danna, na'ura ta ƙi, ta ce lamba 1 tana da mai ita. Ashe maƙirgin yana nan a farkon hanya inda na bar shi. Ga layi ya yi tsawo har bakin ƙofa, sai akawu ya sake dannawa. Ta ce 2 ma da mai ita. Ku lura, duk yunƙurin da ya faɗi yana cinye lamba guda, maƙirgin ya matsa gaba. Ya yi ta dannawa, a karo na bakwai ta karɓa, ya ce alhamdu lillahi, gyara ya zo da kansa. Abin da bai sani ba, ni ma ban tuna ba, shi ne gara ta cinye gefen shafin farko na tsohon littafin, layi na bakwai bai karantu ba, na tsallake shi. Gurbin 7 a cikin na'ura babu kowa, amma katin lamba 7 yana nan a ƙulle cikin wani kwano a ƙasar Kibiya.

Bayan mako biyu mai katin ta zo, wata dattijuwa mai hawan jini. Aka buga 7, sai ga bayanin mai ciki da magungunanta. Allah Ya sa ma'aikaciyar jinyar mai lura ce, ta dubi shekarun da ke rubuce, ta dubi tsohuwa, ta ce, "Iya, wannan katin naki ne kuwa?" Tun daga ranar nake ganin ƙin da na'urar ta yi sau shida rahama ce. Karɓar da ta yi a na bakwai ita ce musibar.

Akwai wani abu a nan da littattafanmu ke wucewa da sauri. Gurbin lambar shaida shi kaɗai ba ya hana lamba biyu su zo iri ɗaya. Maƙirgi ƙirga kawai ya iya. Abin da ya hana na'urar maimaita 1 zuwa 6 wata doka ce dabam da ake ɗora wa gurbin, wadda ake kira babban mabuɗi, mai cewa kada lamba ta zo sau biyu. Da na manta da wannan doka, da na'urar ta karɓi matashiyar a lamba 1 shiru, wanda ya biyo ta a 2, har a wayi gari mutum dubu uku kowa da abokin tarayya a katinsa.

Wani zai ce, to ai MySQL ya huta, tunda maƙirginsa na bin lambar da aka kawo. Tsugune ba ta ƙare ba. In yatsan akawu ya zame ya rubuta 900000 maimakon 900, duk wanda ya zo bayan nan daga 900001 zai fara. Gurbin lamba irin wanda aka fi amfani da shi kuma yana da iyaka, watau 2,147,483,647. Ranar da wani ya rubuta wannan adadi bisa kuskure ko ƙeta, jadawalin ya cika, ba sauran mai shiga.

Yanzu mu faɗaɗa abin. Rano da Kibiya maƙwabta ne, kujera ɗaya suke da ita tare da Bunkure a Majalisar Wakilai ta Tarayya, mutanensu kuma kullum suna kan hanya tsakanin kasuwa da asibiti da gidajen dangi. A ce wani ofishi a Rano ya buɗe rajistar manoma masu karɓar taki, ya fara daga 1, takwaransa na Kibiya shi ma ya fara daga 1. Ranar da aka ce a haɗa su a Kano, manomi na 50 na Rano da na 50 na Kibiya za su yi karo a gurbi ɗaya, ga shi Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta. Mai gaggawa zai buɗe ƙofa ya cusa lambobin, ya sake wa waɗanda suka yi karo, ya manta cewa jadawalin rabon buhuna yana nan yana nuni da tsofaffin lambobi. Buhun wani ya koma kan sunan wani, kuma babu wanda ya yi niyyar zalunci. Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, haka ma mai ba da lamba.

Gwamnatin Tarayya ta bi wannan hanya a lambar zama ɗan ƙasa. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita kaɗai ke fitar da lambar NIN mai alƙaluma 11. Ba ka zaɓar taka, jami'in da ya ɗauki hoton yatsunka a Rano ma ba ya zaɓa maka, ba ta nuna garinku ko shekarar haihuwarka, kuma in mai ita ya rasu ba a ba wani. Da a ce kowace cibiyar rajista ita ke ƙirga nata, da umarnin haɗa layin waya da NIN na watan Disamba 2020 ya zama rikicin da ba mai iya warwarewa.

Ga 'yan'uwa ma'aikata masu binciken kuɗi ina da kalma ɗaya. In kun ga lambar na'ura ta tashi daga 41 ta faɗa 45, kada ku yi saurin cewa an sace fayil. Lambar da maƙirgi ya fitar ba ta komawa, ko da an fasa aikin ko wuta ta ɗauke a tsakiya. Rasidin kuɗi da doka ta ce ya zo a jere ba giɓi, sai a yi masa nasa tsarin dabam, kada a jingina shi da wannan gurbi.

Abin da muka yi a asibitin nan daga baya ba shi da wuya, sai dai ya ci mana kwana uku. Muka buɗe sabon gurbi mai suna lambar tsohon kati, muka kwashe lambobin hannu muka zuba a ciki, muka sa masa dokar hana maimaici. Gurbin lambar shaida kuwa muka mai da shi ALWAYS, yadda akawu ba ya ma ganinsa, balle ya taɓa. Kafin mu rufe, muka duba lamba mafi girma a jadawalin, muka umarci maƙirgin da RESTART ya tashi daga ta gaba da ita, wanda shi ne matakin da na tsallake tun farko. Dattijuwar Kibiya ta ci gaba da riƙe katinta mai lamba 7. Matashiyar aka rubuta mata sabo, ni kuma aka sa ni in bi littafin shafi-shafi in tsamo sauran layukan da gara ta ci. Goma sha ɗaya na samu.

Shugaban taro, na ga lokacina ya cika. In akwai tambaya ina nan.