Gurbin da Aka Bari Ba a Sanar da Mai Shi Ba

Malamai da ma'aikatan Abala da na Filinge, zan shiga magana kai tsaye, domin mas'alar tsohuwa ce tsakanina da abokan aikina masu kula da na'urori.

Kun san yadda ake raba ma'ajiya guda ga kwamfutocin majazi, waɗanda ba su da jiki nasu sai zama cikin babbar na'ura: a ce tera 10 ke hannu, sai a yi wa kwamfuta 20 alkawarin tera ɗaya ɗaya, bisa zaton ba za su cika rabonsu a lokaci guda ba. Illar ita ce, idan kwamfutar majazi ta share wani fayil, a littafinta kaɗai take soke shi, ma'ajiyar da ke can ƙarshen waya ba ta da labari, tana ci gaba da riƙe gurbin a matsayin wanda ke da abu a ciki, tamkar manomin da ya bar gona ya yi ƙaura bai faɗa wa mai gari ba, ga shi ba ya nomawa, ga shi ba a iya ba wani. Ranar da ma'ajiyar ta cika kuwa, QEMU, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin majazi, yakan tsayar da su cak, alhali kowacce tana ganin mafi yawan faifanta fanko ne.

Maganin sananne ne, wato a sanar da ma'ajiya duk gurbin da aka saki. Akwai umarnin UNMAP a ƙa'idar SCSI, da TRIM a ta ATA, kuma tun 2016 NFS 4.2 ta zo da nata. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa umarnin hanya daga kwamfutar majazi har ma'ajiya, domin in ƙofa guda ta rufe a tsakani, saƙon ya mutu a nan.

Masu jayayya da ni hujjarsu ɗaya ce, wai sakin gurabe yana nauyaya ma'ajiya, kuma na san inda suka samo ta. A 2011 kamfanin VMware ya fitar da manhajarsa ta ESXi 5.0 tana sakin gurabe da kanta nan take, sai ma'ajiyoyi da dama suka kasa ɗaukar nauyin, ayyuka suka riƙa jinkiri, har kamfanin ya janye abin ya mayar da shi aikin hannu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a 2016, cikin ESXi 6.5, ya dawo da shi yana gudana sannu a hankali a bayan fage, kuma Fedora, wani nau'in Linux, ta mayar da fstrim (umarnin sakin gurabe) na mako mako al'ada tun 2020. Saboda haka wanda har yau yake fatawa da abin da ya faru a 2011, hukunci yake riƙe da shi bayan illarsa ta gushe. Masu cewa faifai ya yi araha kuwa, ba su ne ke biyan kuɗin kawo shi daga Yamai ba, kuma israfi da dukiyar jama'a ba ya halatta don abu ya yi araha.

Abin da nake kira gare shi bai sake ba: a kunna discard, wato ƙofar da umarnin ke wucewa, a kowane faifan majazi, a bar fstrim ya yi aikinsa sau ɗaya a mako cikin dare, a rage tsofaffin hotunan faifai da ake ajiyewa, tun da su ma suna riƙe gurabe, kuma kada shugaban ma'aikata ya sa hannu a takardar sayen sabon faifai sai an nuna masa adadin da aka ƙwato daga tsohon.