Ciwon Suga da Haƙurin Mai Bincike



Mu da muka tashi a bakin kogin Haɗeja mun san gidajen da ciwon suga ya shiga. Yakan lalata ƙoda, ya dushe ido, ya hana miki warkewa. Allurar insulin kuwa, wadda Banting da Best suka gano a Toronto cikin 1921, tana son sanyi, ga shi ƙasarmu ta zafi ce.

Tushen cutar wani ƙululu ne a bayan tumbi. In ƙwayoyin cikinsa masu yin insulin suka mutu ko suka gaza, ko jiki ya daina jin insulin ɗin, sai suga ya taru a jini. Saboda haka masana suka tambayi kansu, shin ana iya ƙera sababbi? Amsar tana wajen uwayen ƙwayoyin halitta, watau waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowace irin ƙwaya ta jiki.

Mu dubi Douglas Melton na Jami'ar Harvard a Amurka. Kwaɗi yake nazari, sai ciwon ya kama jaririnsa cikin 1991, ya karkata ga wannan fage. Bai sami ƙwayoyin da yake nema ba sai 2014, bayan shekara 23. A tsakani, cikin 2007, Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mai da ƙwayar fatar mutum ta koma uwa.

Kada mu ce wannan aikin Turawa ne. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Nguru maƙwabciyarmu, ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, cikin 2021, inda ake aiki a kan irin waɗannan ƙwayoyi.

'Yan'uwa, galibinmu da mun karɓi digiri sai mu nufi ofis. Ba laifi ba ne. Amma lalle waɗansunmu su tsaya a ɗakin gwaji, su yi digiri na biyu da na uku, su jure ƙarancin albashi da gwajin da ya ƙi. Ma'aikatanmu kuma, ranar da takardar kuɗin bincike ta zo teburinku, ku tuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga Jami'ar Sule Lamido nan a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse. Su wa za su cika su in ba mu ba?

Allah Ya ba mu haƙuri.