Koya wa Yaranmu Ma'anar Alheri da Ceto

(Jawabin da aka gabatar a taron malaman makarantar Lahadi, iyaye da dattawan ikkilisiya)

 

Abin da ya sa muka roƙi wannan lokaci shi ne wata tambaya da muka yi wa yaran ajinmu, 'yan shekara 7 zuwa 10. Mun tambaye su yadda mutum yake samun ceto. Ɗaya ya ce sai ya daina ƙarya. Wata ta ce sai ta riƙa taya mamarta wanke-wanke. Wani ya ce kada ya yi fashin sujada. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce ita kam ta fid da rai, domin ta taɓa ɗibar kuɗin cefane ta sayi alewa, an kuma gaya mata Allah ba ya son ɓarawo. Duk ajin ba wanda ya ambaci gicciye. Waɗannan kuwa 'ya'yanmu ne, a cikin ikkilisiya suka tashi, sun haddace ayoyi da yawa.

Ina suka samo wannan fahimta? Da farko akwai harshen da muke magana da shi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yana kiran wannan kyauta ta Allah alheri. Kalma ce mai kyau, amma yaro ya riga ya san ta daga gida. Yana jin ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko alheri gadon barci ne. A karin maganarmu, alheri abu ne da kai kake yi domin wata rana ya dawo maka. To idan malami ya ce an cece mu ta wurin alheri, yaro zai iya ɗauka alherin da shi yake yi wa mutane ake nufi.

Na biyu, yawancinmu muna zaune ne a garuruwan da mu ne 'yan kaɗan. Yaranmu suna wasa, suna karatu tare da 'ya'yan maƙwabta, kullum suna jin maganar lada da auna ayyuka. Ba mu faɗi wannan don a raina kowa ba. Amma idan abokinsa ya tambaye shi abin da Kirista yake dogara da shi, ya kamata yaronmu ya iya amsawa da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta umarce mu.

Na uku, mu kanmu. Sau nawa muka ce wa yaro, "In ka sake, Yesu ba zai ƙaunace ka ba"? Mun faɗa ne don ya natsu, amma shi ya ɗauke ta a matsayin koyarwa. Yaron da ya girma yana zaton aikinsa ne yake sayen ƙaunar Allah, ranar da ya yi babbar faɗuwa yana saurayi ba zai dawo ya tuba ba, kunya za ta sa ya guje wa ikkilisiya.

To yaya za mu yi? Mu fara da abin da suka sani. Kowane yaro da aka taɓa aika kasuwa ya san gyara: mai awo ya cika mudu, sannan ya ƙara ɗan kaɗan. Mu tambaye su, wa ake yi wa gyara? Za su ce wanda ya saya. Sai mu nuna musu cewa alherin Allah ya wuce gyara, gama ana ba da shi ga wanda ya zo hannu wofi, har ma da bashi a kansa. Daga nan a ba su labarin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20:1-16, inda wanda aka ɗauka da sassafe da wanda aka ɗauka saura awa ɗaya a tashi kowa ya karɓi dinari guda. Yara za su ce ba a yi adalci ba. Kada mu hana su faɗa, nan ne darasin yake. Ba wanda aka rage wa hakkinsa, mai gonar ne ya yi kyauta da abinsa.

Game da ceto kuma, yaranmu sun san rijiya. Yaro ya ƙi jin magana, ya je wasa a bakin rijiya, ya faɗa. Ba amfani a tsaya a sama ana koya masa hawa. Sai wani ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya ɗauko shi. Mu gaya musu zunubi shi ne rijiyar, Yesu ne ya sauko, kuma saukowar ta kai shi ga mutuwa a kan gicciye, a rana ta uku ya tashi. Abin da yaron ya yi kawai shi ne ya yi kira, ya yarda a ɗauke shi. Wannan kira da yarda su ne tuba da bangaskiya. Romawa 5:8 ta nuna cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubi, bai jira mun gyaru ba.

Mun san wasu dattawa za su ce, in aka koya wa yara haka, ai za su sangarce. Damuwa ce ta gaskiya, amma mu duba labarin Zakka a Luka 19. Yesu ya ce zai sauka a gidansa tun mutumin bai mayar da ko kwabo ba. Bayan haka ne Zakka ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma biya wanda ya cuta ninki huɗu. Haka tsarin yake a Afisawa 2:8-10: ceto kyauta ne, kyawawan ayyuka suna biyo baya. Titus 2:11-12 ma ta ce alherin nan ne yake horar da mu mu rabu da mugunta. Saboda haka horo yana nan, tsawatawa tana nan. Abin da za mu daina shi ne yi wa yaro barazana da janye ƙaunar Allah. A ce masa, "Abin da ka yi zunubi ne, ya ɓata wa Allah rai, zo mu roƙi gafara."

Malamai, kada kyautar aji ta tsaya ga masu haddace aya kaɗai. Wata Lahadin a ba kowa, har da wanda ya makara, sannan a bayyana dalili. Kada kuma mu matsa wa yaro ya ɗaga hannu domin ya faranta mana rai. Aikinmu shuka ne, Ruhu Mai Tsarki yake tsirarwa. Iyaye kuma, idan muka yi wa yaro hukunci bisa kuskure, mu roƙi gafararsa, domin ya ga cewa baba da mama ma da alheri suke rayuwa.

Yarinyar nan da muka ambata, mun zauna da ita muka karanta labarin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23:39-43. Ta tambaye mu, "Malam, shi ma bai biya ba?" Muka ce bai sami zarafi ba, amma an karɓe shi a ranar. Mako na gaba mahaifiyarta ta gaya mana cewa yarinyar ta zo da kanta ta faɗi abin da ta yi.

Roƙonmu gare ku shi ne, yau da dare bayan tuwo, kowa ya yi wa yaran gidansa tambayar da muka yi wa ajinmu, ya saurari amsa ba tare da faɗa ba. Idan muka sake haɗuwa, sai mu ji abin da kuka tarar.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon waɗannan ƙanana. Amin.