Zaɓen Injin Wankin Kujerun Kushin ga Masu Sana'a a Unguwar Kilomita Biyar, Bangui

Wankin kujerun kushin ya bambanta da wankin tufafi ta fuska guda: tufa ana matse ta a shanya, kujera kuwa ba ta matsuwa. Ƙarƙashin yadin da ido ke gani akwai soso mai kauri, ƙarƙashin soson kuma katako ne da ƙusoshi. Ruwan da ya ratsa yadi ya shiga soso, in ba a zuƙo shi ba, nan zai kwana, ya haifar da funfuna da wari, ya sa ƙusa tsatsa. Saboda haka wannan takarda ta ɗauki ƙarfin zuƙo ruwa a matsayin ma'auni na farko wajen zaɓen kayan aiki ga masu wannan sana'a a unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, a gunduma ta uku ta birnin Bangui.

Unguwar ita ce cibiyar cinikin birnin, inda Hausawa da Fulani da mutanen Chadi suka daɗe suna fatauci. Aikin da mai wanki zai samu a nan ya haɗa da kujerun falo, da shimfiɗun masallatai, da kujerun motoci, da katifun masaukai. Dattin iri biyu ne: ƙurar jar ƙasa da ke tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Maris, da kuma maiƙon abinci da gumi. Sauran watannin shekara yawanci na ruwa ne da laima, kuma kujerar da za ta bushe cikin wuni guda a Maradi ko Katsina tana iya kai kwana biyu a jiƙe a Bangui. Wannan kaɗai ya isa ya sauya lissafin mai saye.

Kayan aikin da ke kasuwa sun kasu uku. Akwai injin zuƙe ƙura, wanda da shi ake fara kowane aiki, domin jar ƙasa in ta haɗu da ruwa taɓo take zama, ta rina yadi. Akwai injin tururi, mai amfani a kan maiƙo, amma yana sassauta datti ne kawai ba ya kwashe shi, kuma zafinsa na iya ɓata karan-miski da yadin roba. Na uku shi ne injin fesa da zuƙa, wanda ke watsa ruwan sabulu cikin yadi ya kuma janye shi nan take zuwa wani tanki daban. Shi ne ginshiƙin sana'ar. Misalinsa da ya yaɗu a duniya shi ne Puzzi 10/1 na kamfanin Kärcher na Jamus, mai tankin ruwa mai tsabta na lita 10 da na ruwan datti lita 9, wanda ke fesa kimanin lita ɗaya a minti. Numatic na Ingila ma yana ƙera irinsa.

Abin da masu saye suka fi yin sakaci da shi shi ne bakin injin, wato ɗan kan da ake riƙewa a hannu ana ja a kan yadi. Na kujera ƙarami ne, faɗinsa wajen santimita 10, domin ƙarfin zuƙa ya taru wuri guda kuma ya shiga lungun hannun kujera. Gara a zaɓi wanda aka yi da roba mai nuna ciki: mai aiki yana ganin ruwan da ke fitowa, ya san lokacin da launinsa ya washe, ya kuma san lokacin da ya daina fitowa. Wanda mafesarsa ke cikin kan ya fi wanda take waje, don ba ya jiƙa katako da bango. Gefensa ya kasance sumul, kada ya tsinke zare. Tiyo ma a duba shi, domin yawan tsawonsa da duk wata 'yar ɓula a jikinsa suna rage ƙarfin zuƙa.

Ana iya gwada inji kafin a biya kuɗi. A zuba ruwa da awo, a wanke matashin kujera guda, sannan a auna abin da ya koma tankin datti. Injin da ya fi dawo da ruwa shi ya fi, ko da sunansa bai yi fice ba.

Sai batun wuta. Bangui ta dogara sosai da tashoshin ruwa na Boali, kimanin kilomita 100 daga birnin, kuma kamfanin wutar lantarki na ENERCA yana raba wutar ne unguwa-unguwa, don haka mai sana'a ba ya rabuwa da janareto. Ƙaramin injin fesa da zuƙa yana cin abin da bai wuce wat 1,300 ba, amma yana jan fiye da haka a lokacin tashi, saboda haka janareto ya zama yana da rara. Injin da ke ɗumama ruwa da kansa kuwa nauyi ne babba: ɗaga zafin lita ɗaya da digiri 40 cikin minti guda yana buƙatar kusan wat 2,800. Ya fi sauƙi a ɗumama ruwa a kan gawayi a zuba, muddin bai wuce digiri 50 da masu ƙera irin waɗannan injuna suka ƙayyade ba. Ruwan rijiya kuma a tace shi, don yashi na toshe mafesa. Fanka mai ƙarfi tana cikin kayan aikin dole, musamman da damina.

Dole sabulu ya dace da injin. Omo na wankin tufafi yana yawan kumfa, kumfar ta cika tanki ta kai ga motar injin ta ƙone ta, abin da ya saura a yadi kuma ya riƙa kama ƙura. A nemi sabulu maras kumfa, a fara gwada shi a bayan kujera inda ba a gani. Wasu kujerun da aka shigo da su suna ɗauke da alama: W na nufin a wanke da ruwa, S na nufin sinadari maras ruwa kawai, X kuma a zuƙe ƙura a tsaya nan. Kujerun da kafintocin gida suka yi ba su da wannan alama, don haka gwajin ya zama wajibi. Fata ba a sa mata wannan inji.

Sai batun kayan gyara: ƙasar da Bangui take cikinta ba ta da teku. Kaya suna sauka a Duwala ta Kamaru, su bi ta Garwa-Bulai da Bouar, tafiyar da ta haura kilomita 1,400. Mafesa ɗaya da ta lalace na iya tsayar da aiki makonni. Don haka ana kira ga 'yan kasuwar Kilomita Biyar masu shigo da waɗannan injuna da su riƙa haɗo su da mafesa da tiyo da matata da famfo na canji, masu sana'a kuma kada su sayi injin da ba a samun kayan gyaransa a cikin birnin.